Injin Dizal na Ƙaramar Mota Golf

Da yawa daga cikinmu ɗalibai mun ɗauka cewa man gas na manyan motoci ne kawai, irin su tirela da tifa. To, ba haka abin yake ba. A shekarar 1976 kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus ya sa injin dizal a ƙaramar motarsa mai suna Golf. Injin yana da silinda 4, girmansa lita 1.5, ƙarfinsa kuwa na doki 50 ne. Daga baya aka ƙara shi zuwa lita 1.6 mai ƙarfin doki 54. Ba shi da gudun a zo a gani, amma bai cika shan mai ba, abin da ya sa jama'a suka so shi ke nan.

Wannan inji ba shi da kafireto, ba shi da fulogin tartsatsi. Iska zalla fistin yake matsewa, har ta koma kamar kashi 1 cikin 23 na yadda ta shigo. Matsin nan shi ke sa ta yi zafi ƙwarai, sai nozul ya fesa mai, nan take ya kama da wuta. Saboda haka da sanyin asuba, musamman a hunturu, yakan yi gardamar tashi. Akwai 'yan hita da ke ɗumama ciki kafin a yi ki; in sun mutu, ko batir ya yi rauni, sai a yi ta fama, farin hayaƙi na fita.

Babban haɗarinsa shi ne bel ɗin taimin. Shi ke juya sandar da ke buɗe bawul, shi ke juya famfon mai. Tazarar da ke tsakanin fistin da bawul kaɗan ce, don haka in bel ya tsinke mota na tafiya, sai su yi karo, bawul su lanƙwashe. A ganina rowar kuɗin bel ita ce rowa mafi tsada, domin gyaran da zai biyo baya ya ninka shi sau da yawa.

Kan injin na alminiyam ne, jikinsa kuwa ƙarfe. In lagireto ya ƙafe injin ya yi zafi, kan yakan karkace, gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai.

Sai kuma gurɓataccen mai. Ruwa ko ƙasa kaɗan sun isa su cinye cikin famfo, kuma ba kowane bakanike ne ke da na'urar saita shi ba. Iyayenmu masu irin wannan mota su riƙa canja matatar mai a kan kari, kada kuma su bari tanki ya ƙare ƙaf, don in iska ta shiga bututu sai an fitar da ita kafin injin ya sake tashi.