Damuwar Zuciya Da Ciwon Jiki

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan yadda damuwar zuciya ta kan bayyana a jiki ne. Sau da yawa a nan Chikaji za ka ga ɗan kasuwa ya komo daga Kasuwar Sabon Gari, bashi ya yi masa katutu, kansa na sara, barci ya ƙaurace masa. Ko kuwa ɗalibi a Samaru, jarrabawa na matsowa ciki ya kama murɗa. Nan da nan sai a ce sammu ne, a shiga zargin maƙwabci ko kishiya, zumunci ya lalace a banza.

Alƙur'ani Mai Girma ya nuna mana wannan al'amari. A Suratu Yusuf, aya ta 84, idanun Annabi Yakubu, alaihis salam, sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, a aya ta 96 kuwa ganinsa ya komo ranar da bushara ta iso. Haka nan malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya bayyana cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus cewa ciwon rai da na jiki kowanne ya kan jawo ɗan'uwansa.

Likitoci sun tabbatar da haka. Idan mutum ya fusata ko ya tsorata, jiki ya kan saki wani sinadari mai sa zuciya bugawa da sauri, jini ya hau, jijiyoyin wuya su ɗaure. Shi ya sa Sunna ta umurci mai fushi da ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya zauna in a tsaye ya ke, ya kuma yi alwala.

Amma fa kada a ɗora wa damuwa kowace cuta. Gyambon ciki, alal misali, galibi wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, wadda aka gano a 1982, kuma yana da magani. Hawan jini kuwa sai an auna a ke sanin sa. Saboda haka wanda ciwo ya daɗe masa ya tafi asibiti, ya gaya wa likita abin da ke damun jikinsa da abin da ke damun ransa, ya riƙe addu'a, ya kuma kame harshensa daga zargin bayin Allah.

Allah Ya ba mu lafiya da natsuwa, amin. Sai mako mai zuwa.