Yadda Ake Shimfiɗa Hanyar Kwalta da Haɗin Hannun Ma'aikata

Matafiyin da ya taso daga Abuja, ya bi ta Kaduna da Zariya har ya sauka Kano, tafiyar kilomita 375 ko kusa da haka, ba abin da idonsa ke gani sai baƙar fuskar kwalta, alhali kuwa a ƙarƙashinta akwai hawa-hawa na ƙasa da dutse, kowane hawa aikin wata ƙungiya ne, kuma kowace ƙungiya binne aikin wadda ta gabace ta take yi. Saboda haka sana'ar nan kacokan a kan amana ta tsayu, domin aibin da mutum ɗaya ya ɓoye ba ya bayyana sai bayan damina ta wuce a kansa.

Masu awo, wato safiyo da yaransa, su ne ke fara shiga daji, su kafa turaku masu nuna tsakiyar hanya da faɗinta da tudun da za a cike ko a yanke. Amma kafin katafila ta taɓa gonar kowa, wajibi ne a zauna da hakimi da dagatai da masu unguwanni, a daidaita batun diyya, a san inda maƙabarta take da inda burtalin shanu ya ratsa. Ɗan kwangilar da ya raina wannan zama, ko da injinansa sun cika fili, zai wayi gari an tumɓuke turakunsa, aiki ya tsaya cik. Bayan sharar daji da kwashe ƙasar sama, sai birkiloli da kafintoci su gina kwalbatoci da magudanai, gama ruwa ne babban abokin gabar hanya.

Daga nan sai zubin marmara, kuma a nan ne, a ganina, ake gane ko ma'aikata jama'a ɗaya ne ko kuwa taron mutane ne kurum da albashi ya haɗa. Direban tifa ya juye ƙasa, mai gireda ya baje ta a kauri wanda bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba, yana bar wa tsakiyar hanya ɗan doro don ruwa ya gangara gefe, mai tankar ruwa ya yayyafa, sa'an nan mai rola ya bi yana dannewa. Idan mai tanka ya makara ƙasa ta bushe, ba za ta danku ba ko rola ta wuni a kanta; idan kuma ya cika hannu ta zama taɓo, sai a jira rana ta sha ruwan, injina huɗu suna tsaye suna cin kuɗin haya. Helma mai basira yakan damƙi ƙasar a tafin hannu, in ta dunƙule ba ta jiƙa masa hannu ba, ya ɗaga wa mai rola hannu. Bayan an danne, mai gwaji ya haƙa ɗan rami, ya auna nauyin ƙasar da ya fitar, ya cika ramin da yashi mai sanannen nauyi don ya san girmansa, da haka ya gane iyakar dankuwarta. Wannan bawan Allah shi ne shaidar aikin, kuma haƙƙi ne a kan injiniya ya goyi bayansa ran da ya ce a tone a sake, ko da kuwa sauran ma'aikata sun ɓata rai.

A kan marmara ake shimfiɗa fasasshen dutse, a danne shi, a share ƙura, a fesa ruwan kwalta ya shiga jikinsa. Sa'an nan a zo ga aikin da ba ya karɓar jinkiri ko kaɗan. Ana dafa tsakuwa da kwalta a injin haɗi har zafinsu ya kai digiri 150 ko fiye, a loda a tifa, a lulluɓe da tamfol, kuma tilas a shimfiɗa a danne tun ba ta huce ba. Sha'anin ya yi kama da na maƙeri da ɗan zuga, wanda in ɗayansu ya yi sanyin jiki ƙarfe ya ƙi lanƙwasuwa. Mai injin haɗi, da direbobin tifa, da mai injin shimfiɗa, da leburori masu manjagara, da masu rola, dukkansu tafiya ɗaya suke yi. Tifa guda in ta tsaya a hanya, injin shimfiɗa ya tsaya, nan take a sami gaɓa mai sanyi, kuma daga irin wannan gaɓa ce tsaga ke farawa, ruwa ya sami ƙofa. A manyan hanyoyin Nijeriya galibi hawa biyu ake yi, na ƙasa santimita 6, na sama santimita 4.

Abin da ke riƙe wannan tsari bai wuce abu biyu ba. Na farko, taron safiya, inda helma zai faɗa wa kowa iyakar aikin ranar, a kuma bar ƙaramin lebura ya faɗi abin da ya gani ba tare da tsoron kora ba, domin sau da yawa shi ne ke fara lura da inda ƙasa ke lotsawa. Na biyu, biyan haƙƙi a kan kari, tun daga hukuma zuwa ɗan kwangila har zuwa mai gadi, musamman da yake a ƙasar Hausa rani ne lokacin aikin ƙasa, kuma watan da aka rasa a cikinsa ba a fanshe shi sai wata shekara.

Akwai kuma mai jar tuta, wanda ke wuni a rana yana tsai da motoci don kare rayukan 'yan uwansa da sabon shimfiɗi. Ya kai mai karatu, in ka iske shi ya ɗaga maka tuta, ka tsaya, ka bi kewayen da aka tanada, kada ka ture shinge ka hau kwaltar da ba ta huce ba.