Giyar Otomatik a Ƙasar Noman Rani: A Duba Mai Kafin a Sauke Giyabos

Tambayar da ta fi zuwa mini daga masu motoci a Bunkure, Kura da Garun Malam ita ce: "Malam, motata ta fara jinkirin shiga giya, inji ya yi ta kuka amma ba ta ja. Bakanike ya ce a sauke giyabos a sayo na Beljiyam. In yarda?" Kada ka yarda tukuna, ɗan'uwa, sai an zaro sandar awon man giya an ga abin da ke jikinta.

Giyar otomatik da mai take aiki. Mai ne ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa giya ta cikin wani kumburarren ƙarfe da kanikawa ke kira kombata. Shi ne ke matse faya-fayan kulocin da ke ciki duk lokacin da mota za ta canja giya, shi ne kuma ke kwashe zafi ya kai lagireto. Abu biyu ke lalata man nan, zafi da ruwa, kuma yankinmu ya haɗa su duka. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ruwa ke bin kanal har cikin rani, shi ya sa hanyar gona a nan takan yi laka a lokacin da wasu wurare ke fama da ƙura. Ga lodi kuma. Sienna da aka ƙera don ɗaukar iyali ita ce ke kai kwandunan tumatur kasuwar Kwanar Gafan, ko buhunan shanshera wajen masu casa a Kura, a tsakiyar zafin Afrilu da kan haura digiri 40. Man giya ya fi jin daɗin aiki a wajen digiri 80 zuwa 90. Da ya wuce 120 sai ya fara ƙonewa, robobin ciki su ƙandare, kuloci ya soma sulɓi.

Awon ba wuya. Ka yi 'yar tafiya mota ta ɗauki zafi, ka tsaya a wuri mai daidai, ka taka birki ka bi da giya ta kowane matsayi, ka mayar da ita P. A Toyota ana aunawa inji na aiki. A yawancin Honda kuwa sai an kashe inji, a auna nan take. Goge sandar a farin ƙyalle, ka duba, ka sansana. Ja ne garau, ko ya ɗan yi duhu ba wari? Da sauran lafiya. Ya yi baƙi yana ƙauri? Kuloci ya fara cinyewa. Idan kuwa ya yi fari-fari kamar an zuba madara a zoɓo, ruwa ya shiga, kuma daga nan ba a ƙara tafiya ko ta kilomita ɗaya.

Wannan na ruwa shi ya fi damuna, don mutane ba su ɗauke shi komai ba. A saman kowane giyabos akwai 'yar kafar shan iska. Idan ƙarfe ya yi zafi ka faɗa da shi cikin ruwan sanyi, iskar ciki takan tsuke ta zuƙo ruwa ta wannan kafa. Fatar kuloci kuwa dangin takarda ce da aka manna a jikin ƙarfe, ruwa kaɗan ya isa ya ɓamɓare ta. Mota za ta fita daga kududdufin lafiya lau, sai bayan sati biyu ko uku ta ƙi tafiya, mai ita ya rasa dalili. Saboda haka duk ranar da ruwa ya kai tsakiyar taya, ka duba mai da ka isa gida, ka sake dubawa washegari. Ruwa na iya shiga ta lagireto ma, idan bututun man giya da ya ratsa cikinsa ya huje. In haka ne, ko sau goma aka canja mai aikin banza ne sai an canja lagireton.

Idan ka kafe a laka, kada ka yi ta wurga giya daga D zuwa R kana danna totur. Minti kaɗan na wannan ya fi tafiyar Kano zuwa Zariya dafa mai. A sauke kaya, a sa itace ko duwatsu ƙarƙashin taya, a tura. Da lodi a hanyar gona, sa ta a 2 ko L, don kada ta yi ta hawa da sauka tsakanin giya. Sakin mota a firi a gangare don tsimin fetur ba ya tsimin komai. In ta mutu a hanya, kada a ja ta da igiya har Kano: famfon man giya da inji yake juyawa, inji a kashe kuwa ƙarafa za su yi ta gugar juna ba mai. A kira janwe ya ɗaga tayoyin da ke ja.

Sai maganar irin man. Ba kowane jan mai ne na motarka ba. Tsofaffin Toyota da yawa T-IV suke sha, na baya-bayan nan WS. Honda na da nata, DW-1. Giyar CVT mai bel, irin ta Nissan da wasu sababbin Corolla, manta daban ne sam, kuskure ɗaya ya isa ya kashe ta. Sau da yawa an rubuta sunan man a kan sandar awo ko a littafin mota. Ka saya da kanka a rufaffiyar galan, a buɗe a gabanka. A irin aikin da motocinmu ke yi, ina ganin a riƙa canjawa duk kilomita 40,000, kada a jira ya yi baƙi. Kwance noti a tsiyaye ba ya fitar da ko rabi, sauran na cikin kombata, don haka gara a tsiyaye a cika, a yi tafiyar 'yan kwanaki, a maimaita. Tsohuwar giyar da ta daɗe ba a taɓa ta ba, ban yarda a wanke ta da injin matsi ba, dattin da zai taso kan toshe ƙananan hanyoyin mai.

To idan mai na da kyau, awo ya cika, amma mota ta maƙale a giya ɗaya ko tana buga giya da ƙarfi fa? Nan sai a nemi mai kwamfuta. Sau da yawa laifin na lantarki ne: sensa, ko solanoyid, ko batir da ya yi sanyi, ko wayar da ɓera ya ci, abin da ba baƙo ba ne ga motar da ke kwana kusa da buhunan shinkafa. Gyaran waɗannan bai kai kusa da kuɗin giyabos ba.

In an kwance farantin ƙasan giyabos aka tarar da ɓarɓashin ƙarfe da gutsattsarin kuloci, to lallai sai canji. Ka je kasuwar Ƙofar Ruwa tare da bakanikenka, a gwada lambar da ke jikin tsohon da ta wanda za a saya, don kamannin waje ba su isa ba. A yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce kafin ka biya. Kuma kada a ɗaura shi sai an wanke bututun mai da ɓangaren lagireton da mai ke bi, ko a sa ƙaramin lagireton giya na daban, domin dattin tsohon yana nan a ciki, kuma da an tada mota zai wuce cikin wanda ka saya.