Amsar Tambaya: Goge Tsofaffin Kuɗi

Tambaya: Na gaji aninai da kwabbai masu huji daga kakana a Zuru. Shin in goge su da toka da lemun tsami?

Amsa: Ya ɗan'uwa, haƙiƙa ma'abota fannin tsofaffin kuɗi sun yi ittifaƙi cewa duhun da zamani ya lulluɓa wa kwabo shi ne hujjar asalinsa, kuma wanda ya dirje shi da toka ko tsami, to ya kankare rubutunsa tare da darajarsa. Anini, da aka fara bugawa a 1907, amanar tarihi ne. Idan ƙasa ta manne, ɗauraye da ruwa tsarkakakke, ka shanya bisa ƙyalle mai laushi, ka adana nesa da laima. Kada ka goge su.