Mota Mai Mai da Motar Lantarki

'Yan'uwa ɗalibai, wannan darasi ya samo asali ne daga wani aikin fassara da aka ba mu a aji. Labarin a kan Disneyland ne, wurin wasa a Amurka, inda tun 1955 yara ke tuƙa wasu ƙananan motoci masu shan fetur a sashen Autopia. A 2024 kamfanin ya sanar cewa zai mayar da su masu aiki da lantarki, bayan an yi ta ƙorafi kan hayaƙin da jama'a ke shaƙa.

Ni da na koyi Hausa a kasuwar Suleja, ba a gida ba, sai na rubuta "motar wuta". Ai "an kawo wuta" muke cewa. Malam ya tambaye ni ko gobara ce ta kama motar, aji ya fashe da dariya. Wuta tana da harshen damo, ita kuwa "lantarki", wadda aka aro daga Turanci, ma'anarta ɗaya. Saboda haka motar lantarki za a ce.

Inda na fi shan wahala shi ne "mota mai mai". Rubutu ɗaya, kalmomi biyu. Ta farko ta mallaka ce, tana da karin ƙasa. Ta biyu, wato fetur, karin faɗau gare ta. Kunnena bai cika rarrabe su ba, sai na koma ga jam'i: "motoci masu mai". Wadda ta zama "masu" ita ce ta mallaka, fetur kuwa yana nan yadda yake.

Ku sa wa wannan jimla karin sauti: Mai mai ya sayar wa mai mota mai.