Yadda ake ceto kariyar tukunya idan ta fara lalacewa

Kariya itaciya ce ta yankin Sahel, mai kumburarren gindi da fure ja-ja mai fari a tsakiya, wanda take fitarwa da rani lokacin da yawancin tsirrai suka bushe. Masana suna kiranta Adenium obesum. A Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela ana dasa ta a tukunya a tsakar gida ko bakin ofis, kuma sau da yawa ana dawo da ita wurin masu gandun dashe da kukan cewa ta ƙi, duk da ruwan da ake ba ta safe da yamma. Ruwan nan shi ne ciwon.

Gindin kariya rumbun ruwa ne. Da shi take ƙetare watannin da ba a samun ko ɗigo, tun daga Oktoba har Mayu. Saiwarta tana son iska, kuma idan ta kwana biyu cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ta fara ruɓewa. Haka furen okid da ake ajiyewa cikin ɗakuna a Turai yake mutuwa. A nan haɗarin ya fi yawa a watan Agusta, da ruwan sama ke taruwa a tukunyar da ba ta da huji, sai kuma cikin hunturu, lokacin da itaciyar ke zubar da ganye don hutawa. Mai gida ya ga ganye ya zube, ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Abin takaici ne, domin kulawa ce ta kashe ta.

Da yatsa ake gane bambanci. Gindi mai tauri lafiyarsa ƙalau, ko da babu ganye ko ɗaya. Wanda ya ɗan yanƙwane alhali ƙasar ta bushe ƙamas, ƙishi ne, kuma ban ruwa ɗaya mai kyau ya isa. Amma idan ya yi laushi, yatsa yana nutsewa, ɓawo ya yi duhu yana wari, ruɓa ta shiga.

Daga nan babu jira. Ana ciro ta, a kakkaɓe ƙasar, a yanke duk inda ya ruɓe da wuƙa mai kaifi wadda aka ƙona bakinta a wuta. Ana ci gaba da yanka har sai nama ya fito fari tas, domin ɗan tabo mai ruwan ƙasa da aka bari yakan dawo da ciwon. Sannan a barbaɗa toka ko garin gawayi a kan yankan, a rataye ta a inuwa mai iska kamar mako guda har ciwon ya bushe. Nan ne mutane suka fi gaza haƙuri, suna ganin za ta mutu a waje. Ba ta mutuwa.

Wajen sake dasa ta, lakar fadamar Majiya, wadda ke ciyar da albasar Galmi, ba ta dace da kariya ba, saboda tana riƙe ruwa. Yashi mai tsakuwa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, da ɗan gawayi, shi ake so. Tukunyar ƙasa mai huji ta fi bokitin roba, wanda ke dafa saiwa a zafin Afrilu. Bayan dashe ba a ba ta ruwa sai an yi mako, daga nan kuma sai ƙasa ta bushe har ciki. Ana fito da ita rana sannu a hankali, domin a ɗaki ba ta fure.

Idan gindin ya tafi gaba ɗaya, reshe mai lafiya yana kamawa in an shanya shi kwana kaɗan aka kafa a yashi, sai dai ba ya yin gindi irin na wadda ta tsiro daga iri. Fararen ƙwari masu kama da auduga da ke maƙale a ƙasan ganye ana wanke su da ruwan sabulu ko na ƴaƴan dogon yaro, da yamma.

Ruwan jikin kariya dafi ne, har ana shafa shi a kibiya a wasu sassan Afirka. Mai yanka ya rufe hannu, ya kiyaye idonsa, ya wanke wuƙar, kuma a binne abin da aka yanke nesa da yara da awaki.