Kuskuren Mai Gyaran Firji, Hasarar Makiyayi

Allurar rigakafin shanu da awaki da kaji, irin wadda ake yi a Vom, ba ta shiri da zafi. Yawancinta digiri 2 zuwa 8 take buƙata. To, idan firjin mai kantin maganin dabbobi ya lalace a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, amanar garken jama'a tana hannun mai gyara.

Kurakuransa uku ne suka fi jawo hasara. Na fari, ya ɗura gas bai liƙe inda yake yoyo ba. Bayan 'yan kwanaki sanyi ya gudu, magani ya mutu, kwalba kuwa ba ta nuna alama. Na biyu, ya gauraya R134a da R600a, alhali kowane firji da irin nasa, yana rubuce a bayansa. Na uku, ya kunna wutar walda da sauran R600a cikin bututu, shi kuwa mai kama wuta ne.

Saboda haka mai kanti ya ajiye ma'aunin zafi cikin firji, ya riƙa dubawa safe da yamma. Makiyayi kuma, kafin ya biya, ya ce a nuna masa. Allurar da ta sha zafi ruwa ce kurum: kuɗi sun tafi, cuta tana nan.